Yadda Ake Samun Gindin Zama a Tafiyar Mishan a Ƙasar Waje

Ranar da aka kira ka gaban ikkilisiya, dattawa suka ɗora maka hannu, aka yi addu'ar sallama, zuciyarka cike take da wa'azin da za ka yi da rayukan da za ka taɓa. Amma ɗan'uwa, wanda zai fara tarbarka a can jami'in shige da fice ne. Bayansa sai gajiyar hanya, sai ruwan da cikinka bai saba da shi ba, sai mutanen da za su fashe da dariya a gabanka ba ka san abin da aka faɗa ba. Ko sati biyu za ka yi ko shekara biyu, kwanakin farko su ne ke ɗauke da sauran. Abu ɗaya nake so ka riƙe: a waɗannan kwanaki kai baƙo ne mai neman sani. Idan ka yarda da wannan matsayi, ƙofar hidima za ta buɗe da kanta. Idan ka tsallake shi, za ka yi ta bugun ƙofar da ka rufe da hannunka.

Abin da za ka gama tun kana gida

Fara da fasfo. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai wata shida kafin ya ƙare aiki ba, kuma suna son shafukan da ba a buga wa hatimi ba. Sai biza, inda mutanen kirki suka fi faɗa wa matsala. Bizar yawon buɗe ido daban, ta aikin addini daban, ta aikin sa kai daban. A Indiya bizar yawon buɗe ido ba ta ba ka damar aikin mishan, kuma jihohi da dama na ƙasar suna da dokokin da suka shafi sauya addini. A Nepal, dokar da ta fara aiki a 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda aka samu da laifin sauya wa wani addini. Rasha ma ta ƙuntata aikin mishan da wata doka a 2016. Saboda haka tambayi masu masaukinka wace biza ce ta dace da abin da za ka yi, su aiko maka da wasiƙar gayyata, ka cike takardu da gaskiya. Idan ka yi ƙarya a fom aka gano, kai dai za a sa ka a jirgi, amma 'yan'uwan da suka gayyace ka su ne za su zauna da tambayoyin hukuma bayan tafiyarka.

Je wurin likita sati 4 zuwa 6 kafin tafiya. Wasu ƙasashe ba za su bar ka ka shiga ba sai da katin allurar shawara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Idan inda za ka akwai zazzaɓin cizon sauro, likita zai zaɓa maka maganin kariya. Wani ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, wani sati biyu ko fiye, kuma dukansu ana ci gaba da shan su bayan an dawo, wani na kwana 7, wani na sati 4. Kada wani ya ce maka neman rigakafi raunin bangaskiya ne. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasa. Kafin 1894 ta ƙare rashin lafiya ta ɗauke biyu daga cikinsu. Ba su da magungunan da kake da su yau, kuma da suna da su da sun sha.

Idan kana da maganin da kake sha kullum, ɗauki wanda zai kai ka har dawowa, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Magunguna irin su tramadol da codeine suna iya sa a tsare mutum a filin jirgin wasu ƙasashe, kamar Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, idan babu takarda. Yi inshorar lafiya wadda ta haɗa da ɗauko ka da jirgi in ciwo ya yi tsanani. Yi kwafin fasfo da biza da katin allura: ɗaya a wata jaka dabam, ɗaya a waya, ɗaya a hannun wani amintacce a gida.

Sannan ka sami amsar tambayoyi uku a rubuce: wa zai ɗauke ka a filin jirgi, ina za ka kwana, kuma a ƙarƙashin wa za ka yi aiki.

Kwana uku na farko

Da Nehemiya ya isa Urushalima, kwana uku ya yi bai faɗa wa kowa abin da ke ransa ba. Daga baya ya fita da dare ya zaga garun ya ga inda ya rushe, sannan ya yi magana da shugabanni. Ɗauki wannan tsarin.

A filin jirgi, riƙe adireshin masaukinka da lambar mai ɗaukarka a takarda, domin waya tana iya mutuwa ko ta rasa sabis. Amsa abin da aka tambaye ka kawai, a natse. Idan kana ɗauke da kuɗin ikkilisiya masu yawa, bayyana su. A Amurka sama da dala 10,000 dole a faɗa, a Tarayyar Turai kuma daga yuro 10,000. Canza ɗan kuɗi kaɗan na kwana biyu, sauran ka bari sai ɗan gari ya nuna maka inda ake canji na halal. Sayi layin waya na ƙasar, ka sanar da gida ka sauka lafiya, ka adana lambar gaggawa ta wurin da ta ofishin jakadancin ƙasarku. Tambayi mai masauki ko doka ta ce baƙo ya yi rajista da 'yan sanda ko ofishin shige da fice, domin akwai ƙasashen da suke da wa'adin kwanaki a kan haka. Kafin ka soka wani abu a soket, duba ƙarfin wutar: na Amurka volt 120 ne, na yawancin Turai volt 230.

Daga nan sai jiki. Idan bambancin lokaci ya yi yawa, jiki yakan ɗauki kusan kwana ɗaya kan kowace awa ta bambanci kafin ya daidaita. Fita cikin hasken rana da safe, ka daure kada ka yi dogon barcin rana, ka ci abinci a lokacin da mutanen gidan suke ci. Idan garin yana kan tudu sosai, kamar Addis Ababa da ta haura mita 2,300 ko La Paz ta ƙasar Bolibiya da ta kai wajen mita 3,600, numfashi zai yi maka nauyi, kai zai sara. Yi tafiya a hankali, sha ruwa, kada ka ɗauki aikin ƙarfi. Idan numfashi ya ƙi ko kana zaune, wannan na asibiti ne.

Ruwan sha kuwa, in ba ka tabbatar da shi ba, tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko minti 3 idan wurin ya haura mita 2,000. Da shi za ka wanke baki, kuma ka kula da ƙanƙarar da ake sakawa a abin sha. Idan gudawa ta kama ka, haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa kurɓa. Jini a bayan gida ko zazzaɓi, sai likita. Kada ka ɓoye ciwo wa mai masaukinka don kunya. Ya fi masa sauƙi ya kai ka asibiti da rana da ya ɗauke ka a sume da tsakar dare.

Mai masauki da ikkilisiyar wurin

Nan ne zuciyar maganar. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin da Allah ya ba ka shi ne faston wurin, ko dattijon da aka danƙa ka a hannunsa, ko matar gidan da take dafa maka abinci. Cikin satin farko nemi zama da shugaban ikkilisiyar. Kai masa gaisuwar ikkilisiyar da ta aiko ka, ka gode masa, sannan ka yi tambaya fiye da bayani. Yaya aikin ya fara a nan? Me ya fi damun ikkilisiya yanzu? Baƙin da suka zo kafin ni, me suka yi da ya taimaka, me suka yi da ya bar muku wahala? Wannan ta ƙarshe mai yiwuwa ba zai amsa ta ranar farko ba saboda kara. Sake yin ta bayan sati biyu, in kun saba.

Ka tuna Ubangiji ya riga ka zuwa wurin. Ikkilisiyar Habasha tana tsaye tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana. Kiristocin Masar suna danganta tushensu da Markus, na Kerala a Indiya kuma da Toma manzo. Ko inda ikkilisiya ƙarama ce, mutum goma a ɗaki ɗaya, su ne suka san abin da suka biya kafin su tsaya. Ina jin zafi a raina duk lokacin da na ga baƙo ya zo da shirinsa a rubuce, ya ajiye na masu gida gefe, ya mai da fasto direbansa da tafintansa. Shirin da ka zo da shi, miƙa shi ga masu masauki su gyara, su rage, ko su ce ba yanzu ba.

A Luka 10, da Yesu ya aiki almajirai biyu-biyu, umarnin da ya ba su na zaman baƙunta ne: su yi sallama a gidan da suka shiga, su zauna a gidan, su ci abin da aka sa a gabansu, kada su riƙa sauya gida. Ka ga abinci da masauki sun shiga cikin aikin tun daga bakin Ubangiji. Don haka ci abin da aka ba ka, ko kaɗan ne, da sakin fuska. Idan akwai abin da jikinka ba ya karɓa, faɗa tun kafin a dafa. Kada ka kwatanta gidan da naku, kada ka nemi komawa otal don bandaki bai yi maka ba, sai dai in akwai haɗari na gaske. Tambayi aikin da za ka iya taimakawa da shi a gidan. Idan aka hana ka sau ɗaya, sake tayi wata rana.

Lahadin farko, in an bar maka zaɓi, zauna ka kalla. Lura da inda maza da mata suke zama, yadda ake karɓar baiko, tsawon wa'azi, ko ana cire takalmi, ko mata suna rufe kai, wa yake fara gaishe da wa. Idan aka ce ka yi gaisuwa, yi ta a minti biyu. Kuma ka tabbatar da lokaci, domin a Habasha da ƙasashen da ake Swahili ana fara ƙirga awa daga fitowar rana. Idan aka ce sujada ƙarfe biyu, ana iya nufin takwas na safe.

Zaga unguwa da ƙafa tare da wani ɗan ikkilisiya, yadda Bulus ya zaga Atina yana duba wuraren ibadarsu kafin ya buɗe baki, har ya fara wa'azinsa da abin da ya gani rubuce a kan wani bagade. Riƙe ƙaramin littafi, kowane dare ka rubuta abu uku da ka gani ba ka gane ba, da safe ka tambaya. A Bulgeriya gyaɗa kai yana iya nufin a'a. A Tailan taɓa kan mutum ko nuna shi da ƙafa rashin ladabi ne. A wurare da yawa mutum zai ce maka "to" don kada ya kunyata ka, alhali bai yarda ba. Game da tufafi, dubi abin da masu mutunci na ikkilisiyar suke sawa ka bi su. Wani ɗan mishan Bature, Hudson Taylor, ya sauka Shanghai a 1854, ba da daɗewa ba ya koma sa tufafin mutanen Sin har da irin kitsonsu. Wasu Turawa 'yan'uwansa suka yi ta sukarsa, amma ya lura mutane sun daina kallon kayansa sun fara jin maganarsa. Tsakanin namiji da mace kuwa, ɗauki matakin da ya fi tsauri har sai ka san na wurin: kada ka keɓe da wanda ba jinsinka ba a ɗaki, kada ka fara miƙa hannu.

Harshe da tafinta

Ko kwana goma za ka yi, koyi gaisuwa, godiya, ban haƙuri, sunayen mutanen gidan, da "ban gane ba, sake faɗa." Nemi mutum ɗaya ya ba ka rabin awa kullum. Koyi jumla biyar, ɗauki muryarsa a waya, ka fita ka gwada su a kan mutum goma kafin dare. Za a yi maka dariya, kuma yawanci dariyar murna ce.

Idan da tafinta za ka yi wa'azi, zauna da shi tun daren da zai gabaci ranar wa'azin. Ba shi ayoyin domin ya nemo su a Littafi Mai Tsarki na harshensu, ka bi da shi manyan kalmomi irin su alheri, tuba, fansa, ka ji yadda suke faɗar su. Yi gajerun jumloli cikakku, ka tsaya ya gama. Bar karin magana da barkwancin gida, ba sa haye rafi. Wa'azin minti 40 ya koma 20, tunda kowace magana sau biyu za a faɗe ta. Yi addu'a tare da shi kafin ku hau, domin abokin hidimarka ne.

Kuɗi, alkawari da hoto

Za a roƙe ka, kuma yawancin buƙatun gaskiya ne. Tun kafin roƙon farko ya zo, tambayi fasto yadda ikkilisiya take taimakon mabukata, ka bi da kyautarka ta nan. Kuɗin da ka damƙa wa mutum ɗaya a ɓoye yakan haifar da hassada a ikkilisiya bayan ka tafi. Kada ka ce "zan duba" ko "in na koma za mu gani" idan ba ka da niyya, domin mai ji zai ɗauke shi alkawari, ya yi shekara yana jira. Ce "ba zan iya ba" da ladabi. Kuɗin aiki kuma, rubuta kowane abin da ka kashe a ranar, ka ajiye rasit, wani na biyu ya sa hannu. Bulus kansa bai yarda ya kai gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, don kada a sami abin zargi.

Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izini, na yaro kuma sai da izinin iyayensa. Inda bin Yesu yake da haɗari, kada ka sa suna ko fuska ko sunan gari a Facebook ko WhatsApp, ko da a wasiƙar neman addu'a ce. Hoton baftisma guda ɗaya ya isa ya raba mutum da aikinsa ko iyalinsa. Kada ka keɓe da yaro, kada ka ɗauke shi zuwa wani wuri ba da sanin iyaye da hukuma ba. A Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama Amurkawa 10 'yan wata tawagar ikkilisiya suna ƙoƙarin ƙetare iyaka da yara 33 ba tare da takardu ba, daga baya aka gano da yawa cikin yaran suna da iyaye a raye.

Ranar da zuciya za ta karaya

Za ta zo. Wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya bayyana yadda abin yake tafiya a wani rubutu da ya fito a 1960: da farko komai yana burge baƙo, sai komai ya koma ba shi haushi, sai ya fara sabawa, sannan ya zauna daidai. Alamun mataki na biyu su ne yawan barci, saurin fushi, kulle kai a ɗaki da waya, da fara cewa "mutanen nan" da wata irin murya. Idan ka ji haka a bakinka, ka san inda kake. Kiranka bai mutu ba, gajiya ce. Da Iliya ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara ba shi abinci ne da ruwa, ya bar shi ya sake barci.

Kafa tsarin rana tun satin farko: lokacin addu'a da karatun Magana kafin ka taɓa waya, lokacin motsa jiki, lokacin barci, da rana ɗaya ta hutu a sati wadda ba ka ba kowa. Tsayar da lokacin kiran gida, sau biyu ko uku a sati, domin wanda yake kan waya da gida dare da rana jikinsa ne kawai ya yi tafiya. Sami mutum ɗaya a gida da ɗaya a wurin waɗanda za ka iya faɗa musu gaskiyar halinka. Idan baƙin ciki ya wuce sati biyu, ba ka ci ba ka barci, ko tunanin cutar da kanka ya zo, faɗa wa shugabanka a ranar, a nemi likita.

Idan tawaga kuka zo, saɓani zai fi fitowa daga cikinku fiye da daga waje. Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma gida, kuma a kansa manzannin biyu suka yi gardama har suka rabu. Ku ware minti 15 kowane dare ku yi addu'a, kowa ya faɗi abin da ya yi masa daɗi da abin da ya yi masa nauyi. Wanda ya ɓata maka rai, same shi shi kaɗai kafin kwana ya kewayo. Kada ku yi gardama a gaban masu masauki, kada kuma ku riƙa hira da harshenku a teburin da suke zaune.

Shiga aikin

Bayan sati ɗaya ko biyu, ko kwana biyu in tafiyar gajeriya ce, karɓi aikin da aka ba ka ko da ya fi ƙanƙanta da abin da ka zata. Duk abin da kake yi, wani ɗan ikkilisiyar ya kasance tare da kai, ta yadda in ka tafi aikin zai zauna a hannunsa. Wanda ya nuna sha'awar bishara, haɗa shi da mai bi na garin tun ranar, domin shi ne zai ziyarce shi wata mai zuwa. Kada ka matsa wa kowa ya ɗaga hannu don ka sami adadin da za ka kai gida. Ɗan mishan William Carey ya isa Indiya a 1793, bai ga baftismar ɗan ƙasa na farko ba sai ƙarshen 1800. Adoniram Judson, shi ma ɗan mishan, ya isa ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau, a 1813, ya jira har 1819.

Tun daga yanzu riƙa rubuta abin da za ka faɗa wa ikkilisiyar da ta aiko ka, yadda Bulus da Barnaba suka koma Antakiya suka tara 'yan'uwa suka ba da labarin abin da Allah ya yi. Aika gajeriyar wasiƙa duk sati biyu ko duk wata: abin godiya biyu, abin addu'a biyu, da bayanin kuɗi in akwai. Kafin ka tura, ba mai masaukinka ya karanta, ya cire duk abin da ba zai so a faɗa a kan mutanensa ba.